Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Sararin Samaniya Ta Ƙasa Kan Kasuwar Albarkatun Sama

Zuwa ga Shugaban Hukumar Bincike da Raya Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan hukumarka, ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare ta ƙauye a masarautar Haɗejiya, jihar Jigawa. Na rubuto wannan takarda a buɗe, kuma da Hausa, domin maganar da ke cikinta ta shafi manoma da makiyaya da dagatai, waɗanda ba a saba sako su cikin irin wannan zance ba. Maganar ita ce kasuwar haƙo albarkatu a wata da sauran duwatsun da ke yawo a sararin samaniya, wadda kamfanoni a Amurka da Japan da Turai suka fara zuba wa kuɗi, da kuma inda Nijeriya ta tsaya a cikinta.

Na san wani zai ce mutumin da ambaliya ta cinye wa gona, wanda buhun taki ya gagare shi, ina ruwansa da ma'adinan wata? Ruwansa ya yi tsaki ma kuwa, domin wannan kasuwa ta daɗe da ci a gonakinmu, mu ne dai ba mu san ranar kasuwar ba.

Ranar 21 ga Yuli, 2002, da almuru, wata wuta ta keta sama a yankin Haɗejiya, aka ji ƙara kamar tsawa, sai ga duwatsu suna zubowa a ƙauyuka daban-daban. Abin da aka tsinto ya kai kimanin kilo 19, masana kuma suka raɗa wa dutsen sunan Kilabo, ɗaya daga cikin ƙauyukan da ya faɗa. Bayan shekara biyu, ranar 1 ga Agusta, 2004, wani ya sake faɗowa a bakin iyaka, tsakanin Maigatari da Danduma ta ƙasar Nijar. Kafin su akwai na Kabo a ƙasar Kano a 1971, da na Gujba a Yobe ta yanzu a 1984. Wanda ya fi su duka suna shi ne na Zagami a ƙasar Katsina. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa sai dutse mai nauyin kilo 18 ya dira 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Daga baya bincike ya tabbatar cewa ɓallin duniyar Mars ne. An fara ajiye shi a Kaduna, amma babban kaso daga cikinsa ya ƙare a hannun wani ɗan kasuwar duwatsu Ba'amurke, aka yayyanka shi sala-sala ana sayarwa giram-giram. Har an maƙala wani ɗan gutsurensa a jikin kumbon Mars Global Surveyor da Amurka ta harba a 1996, wato dutsen Katsina ya koma kusa da gidansu, alhali yaron Katsina ko na Jigawa bai taɓa ganin ko ƙwayarsa a ɗakin gwaje-gwajen makarantarsu ba.

Ina so ka dubi darajar abin da idon masana. A 2003 Japan ta harba kumbon Hayabusa zuwa wani dutse mai yawo a sama da ake kira Itokawa. Sai a 2010 ya dawo, bayan shekara bakwai na wahala da lalacewar injuna, kuma abin da ya kawo ƙura ce da sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Da aka auna ƙurar, sai aka tarar jinsinta ɗaya ne da jinsin duwatsun da suka zubo a Kilabo. Abin da wata ƙasa ta kashe dukiya da shekaru ta samo ɗan mitsitsi, mu Allah ya sauke mana kilo 19 na irinsa a bakin gona, kyauta. Yau duk mai shiga intanet zai ga gutsattsarin Kilabo da Gujba da Zagami a shagunan 'yan kasuwar duwatsu na ƙasashen waje, kowanne da farashinsa a jiki. Ba na zargin wanda ya tsinta ya sayar. Mutum ya ga baƙin dutse a gonarsa, baƙo ya zo ya miƙa masa kuɗin da bai taɓa tsammani ba, babu wanda ya taɓa gaya masa ko mene ne, babu kuma wata ƙofa ta hukuma da ya sani zai ƙwanƙwasa. Me ake so ya yi?

Maƙwabtanmu sun ɗanɗana wannan kwanan nan. A watan Nuwamba, 2023, wani mai farautar irin waɗannan duwatsu ya tsinci ɓallin Mars mai nauyin kusan kilo 25 a yankin Agadas, mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. A watan Yuli, 2025, gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyu Yok a kan dala miliyan 5.3. Sai bayan an buga ƙararrawar gwanjo gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda dutsen ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irinsa. Ihu bayan hari ke nan, kuma ba na so mu ma mu yi shi.

To, abin da ke tafe ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, domin yanzu ba jira ake yi dutse ya faɗo ba, zuwa ake shirin yi a ɗebo. Sai dai in faɗi gaskiya yadda take, saboda masu zuzuta abin sun yi yawa: har yau babu kamfanin da ya haƙo ko kilo ɗaya a sama ya kawo ya sayar ya ci riba. Kamfanin Planetary Resources, wanda ya bayyana kansa a 2012 da goyon bayan attajirai irin su Larry Page na Google, ya ƙare an sayar da shi a 2018 ba tare da ya taɓa dutse ko ɗaya ba. Abokin gasarsa Deep Space Industries shi ma wani kamfani ya haɗiye shi a farkon 2019. AstroForge, mai neman ƙarfen filatinam, ya harba kumbonsa Odin a watan Fabrairu, 2025, aka neme shi aka rasa. Kamfanin ispace na Japan sau biyu yana ƙoƙarin sauka a wata, a 2023 da 2025, duka biyun kumbon ya tarwatse. Gwamnatoci ne kawai suka iya kawo wani abu, shi ma ɗan kaɗan: kumbon OSIRIS-REx na Amurka ya dawo a Satumba, 2023, da giram 121.6 daga dutsen Bennu, bayan an kashe kimanin dala biliyan ɗaya. Chang'e 6 na ƙasar Sin ya kawo ƙasar bayan wata da ba ta cika kilo biyu ba a Yuni, 2024. Saboda haka duk wanda ya zo wa mutanenmu da takardar hannun jari a haƙar zinare a wata, ko takardar mallakar fili a can, ɗan damfara ne, kuma zai yi kyau hukumarka ta riga shi yin magana. Mun ga abin da damfarar zuba kuɗi ta MMM ta yi wa jama'a a 2016.

Amma faɗuwar waɗannan kamfanoni bai sa masu kuɗi sun janye ba, kuma abin da ya fi damuna ba injunansu ba ne, dokokinsu ne. Injin yana iya ɗaukar shekara ashirin kafin ya yi aiki. Doka kuwa yanzu ake rubuta ta.

Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda Nijeriya ke cikinta, ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wata ko wata duniya ta ce tata ce, kuma amfanin sama na dukkan bil'adama ne. Sai a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ce duk ɗan ƙasarta da ya haƙo wani abu a sama, nasa ne, yana iya riƙewa ko ya sayar. Luksamburg ta bi sahu a 2017, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2019, Japan a 2021. A Afrilu, 2020, fadar shugaban Amurka ta fitar da umarni da ke cewa a fili ba ta ɗauki sararin samaniya a matsayin kayan tarayyar kowa da kowa ba. A Disamba na wannan shekarar hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ba wa kamfanoni huɗu kwangilar sayen ƙasar wata, jimillar kuɗin dala 25,001, ɗaya daga cikinsu ma, Lunar Outpost, dala ɗaya tak ya nema. Kowa ya san ba ƙasar ake buƙata ba, NASA ma ba ta ɓoye ba: so ake a kafa tarihin cewa an taɓa saye da sayarwa, domin gobe in gardama ta tashi a ce ai an saba.

Hujjarsu ita ce, ba mu ce wata namu ne ba, abin da muka ɗebo kawai muke cewa namu ne. Mu mutanen fadama mun san wannan magana sarai. Mutum ba ya cewa tafkin gari nasa ne, kowa ya san ba nasa ba ne. Sai dai ya noma bakin mashaya, ya kewaye da ƙaya don kada dabbobi su yi masa ɓarna, ya toshe burtali. Ruwan na nan na kowa a baki, amma babu saniyar da za ta kai gare shi. Yawancin rigingimun manoma da makiyaya da ake kai wa gaban dagatai da hakimai a nan ƙasarmu daga irin wannan suke tasowa. A wata ma abin da ake rububi a kai tun farko ruwa ne. Tun 2009 binciken NASA ya tabbatar da akwai ƙanƙara a cikin ramukan da rana ba ta taɓa leƙawa ba a kudancin wata. Ruwan nan in an raba shi ana samun iskar shaƙa da kuma man roka, wanda ɗauko shi daga ƙasa ke cin kuɗi mai yawa. Ramukan ba su da yawa, tuddan da ke kusa da su masu samun hasken rana kusan kullum, inda za a kafa faifan sola, su ma ƙidayayyu ne. Shi ya sa Indiya ta sauke Chandrayaan-3 a wannan shiyya a Agusta, 2023, shi ya sa Amurka da Sin duka can suka sa gaba. Wanda ya riga isa ya kafa kayansa, ya ce kada a matso don gudun haɗari, ya mallaki wurin ko da bai furta ba.

A nan ne maganar ta iso ƙofar ofishinka, ranka ya daɗe. Ranar 13 ga Disamba, 2022, a taron shugabannin Amurka da Afirka a Washinton, Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis, ta ƙa'idojin aiki a wata da sauran sassan sama, da Amurka ke jagoranta. Ministan sadarwa na lokacin, Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, shi ya sa hannu a madadinmu. A cikin takardar akwai sashen da ya ce haƙo albarkatu a sama ba ya nufin mallakar wurin, akwai kuma sashen da ya yarda a keɓe yankunan kariya a kewayen inda wani ke aiki. Wato mun riga mun amince da fassarar masu roka, mu da ba mu da rokar da za ta kai mu. Ba ina cewa shigar kuskure ba ce. Zama a cikin ɗakin da ake magana ya fi tsayawa a waje, takardar kuma alkawarin siyasa ce, ba dokar da ta ɗaure mu ba. Masar da Afirka ta Kudu sun zaɓi ɗaya ɓangaren, na tashar wata da Sin da Rasha ke shiryawa, kowa da lissafinsa. Abin da nake tambaya shi ne namu lissafin. Me muka nema a madadin sa hannunmu? Gurbin karatu nawa, horon injiniyoyi nawa, wane rabo a bayanan binciken da za a samo? Waɗannan amsoshi haƙƙin 'yan ƙasa ne, kuma ya kamata a ji su daga bakin hukumarka, a gidajen rediyon da mutanenmu ke saurare, da harshen da suke ji.

Akwai wata hanya da duniya ta taɓa gwadawa. Yarjejeniyar wata ta 1979 ta ce albarkatun wata gādon bil'adama ne gaba ɗaya, kuma idan lokacin haƙa ya yi sai a kafa tsarin raba amfani da adalci, a kula musamman da ƙasashe masu tasowa. Ƙasashen da suka karɓe ta ba su kai ashirin ba, babu ko ɗaya daga cikin manyan masu zuwa sama, Saudiyya ma da ke ciki ta sanar da ficewa a 2023. Amma irin wannan tsari yana aiki a wani wuri: dokar teku ta 1982 ta sa ma'adinan ƙarƙashin tekun da ba na kowa ba a hannun wata hukuma ta duniya mai mazauni a Kingston ta Jamaika, ita ke ba da lasisi. Tana da nata matsalolin, amma dai an yarda tun farko cewa wanda ba shi da jirgi ma yana da rabo.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu suna karantar da hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ma'adinai ba na wanda ya riga gani ba ne, al'amarinsu yana hannun shugaba ne ya tafiyar da su don maslahar jama'a. Kundin tsarin mulkinmu na 1999 ma, a sashe na 44, ya danƙa dukkan ma'adinan ƙasa ga gwamnatin tarayya. Ƙasar da ta ginu a kan wannan fahimta a gida bai kamata ta je waje ta yi shiru ana cewa wanda ya riga isa shi ke da kaya ba. Mun kuma san abin da haƙa ba tsari ke jawowa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, zinaren ya tafi, iyaye suka zauna da kaburbura.

Akwai kuma batun tattalin arzikin nahiyar nan da ba a cika ambata ba. Kusan kashi 70 cikin ɗari na filatinam ɗin duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, Zimbabuwe ma tana cikin manyan masu haƙo shi, Kwango kuma ita ce uwar kobalt. Waɗannan ƙarafa su ne ake hange a cikin duwatsun sama irin su Psyche, wanda NASA ta tura wa kumbo a Oktoba, 2023, ana sa ran isarsa a 2029. Ranar da aka iya kawo su da araha, ko da bayan ranmu ne, ƙasashen Afirka ne za su fara jin jiki. Hukumar sararin samaniya ta Tarayyar Afirka da aka buɗe a Alƙahira a 2025 ita ce inda ya kamata a haɗa baki kan wannan, Nijeriya kuma ba ƙaramar murya ba ce a can. Mun kafa hukumarka tun 1999, mun harba NigeriaSat-1 a 2003, muka ƙara da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, NigeriaSat-X ɗin ma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Ingila. Ɗan ƙasar nan, Dokta Adigun Ade Abiodun, ya taɓa shugabantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da amfani da sararin samaniya ta hanyar lumana.

Abin da ya fi sauƙi a fara da shi, wanda ba ya buƙatar roka ko biliyoyin naira, shi ne duwatsun da ke faɗo mana. Ina roƙon hukumarka ta zauna da ma'aikatar ma'adinai ta tarayya ku fito da magana ɗaya a fili: dutsen da ya faɗo daga sama a gonar mutum, na wane ne, kuma me mai gonar zai samu? Shawarata kada a bi hanyar ƙwace. Duk ranar da aka ce dutsen na gwamnati ne ba ko sisi, ranar nan za a daina kai rahoto, kuma wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san fitar da abin da bai fi tulu girma ba ta kan iyaka ba wani aiki ba ne. A saya a hannun wanda ya tsinta da farashin da ya dace da kasuwar duniya, a rubuta sunan ƙauyen, a ajiye babban kaso a gida, a bar masana na waje su nemi aro ko musaya kamar yadda ake yi tsakanin manyan gidajen tarihi. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Jami'ar Bayero a Kano. Kowacce tana iya riƙe irin wannan ajiya idan aka horar da mutum biyu ko uku aka ba su kayan aiki. A sanar da masu unguwanni da dagatai ta hannun masarautu, domin su ne mutum zai fara kai wa labari: kada a wanke dutsen, kada a fasa, kada a jiƙa a sha da sunan magani, a naɗe shi a leda mai tsabta, a lura da inda ya faɗa da lokacin, ga lambar da za a kira. A kuma nemi gidajen tarihin waje da ke riƙe da gutsattsarin Kilabo da Kabo da Zagami su ba mu wani abu daga ciki, ko da na koyarwa ne. Ɗalibaina suna haddace sunayen duniyoyi don jarrabawa. Da za su riƙa dutsen da ya girmi duwatsun Dutse da na Birnin Kudu, mai shekara sama da biliyan huɗu da rabi, a ce musu a ƙasarsu ya sauka, na tabbata wasunsu za su nemi sanin abin da ya wuce haddar.

Roƙona na biyu yana da wa'adi. Tun 2021 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da na ambata ya kafa rukunin aiki a birnin Biyana don tsara ƙa'idojin haƙar albarkatun sama, kuma shirinsu shi ne su kammala a 2027. Nijeriya tana da kujera a wannan kwamiti. Ina roƙon a rubuta matsayinmu a buga shi kafin wakilanmu su tafi, a kai shi gaban Majalisar Tarayya a tattauna, sanatoci da 'yan majalisarmu na Jigawa da Kano su ma su karanta su tofa albarkacin bakinsu. A cikin matsayin nan ina fatan ganin abu uku ko da ba a samu komai ba bayansu: yankin kariya ya zama na ɗan lokaci mai iyaka, a yi masa rajista a fili, ba shingen dindindin ba, wani kaso na ribar da za a samu ya shiga asusun horar da matasan ƙasashen da ba su kai ga zuwa ba, sannan a keɓe wasu daga cikin ramukan ƙanƙarar nan kada a taɓa su, don waɗanda za su iso daga baya.

Allah ya taimake ka a kan aikin da aka ɗora maka, ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Malamin kimiyya daga karkarar Haɗejiya, jihar Jigawa.